Tazarar da ke Tare Sauti: Fashin Baƙi kan Kiristal ɗin Fonon

A harabar Gidauniyar Juan March da ke Madrid, babban birnin Sifaniya, akwai wani aikin ado da mai fasaha Eusebio Sempere ya ƙera. Ba mutum-mutumi ba ne. Bututai ne na ƙarfe mara tsatsa, wasu dogaye wasu gajeru, an kakkafa su a tsaye a kan wani faifai mai faɗin mita 4. Kaurin kowane bututu santimita 2.9, kuma daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na kusa da shi santimita 10 ne, gaba da baya, dama da hagu. Ƙarfen bai cinye ko kashi 7 cikin 100 na filin ba, saura duk iska ce. Idan ka saita idonka da layin bututan, tsaf za ka hango wanda ke tsaye a ɗaya gefen.

A shekarar 1995 wasu masu bincike daga Valencia da Madrid suka zo da lasifika da makirufo. Suka ajiye lasifikar a gefe guda, makirufon a ɗaya gefen, suka riƙa sakin sauti daga mai kauri zuwa siriri suna auna abin da ya tsallake. Yawancin sautin ya wuce abinsa, kamar yadda kowa zai zata, tunda wurin a buɗe yake. Amma da aka zo wajen haz 1,670 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti) sai ƙarfin sautin ya faɗi ƙasa warwas, kamar akwai bango a wurin. Da aka ɗan ƙara sirantar da shi kuma sai ya dawo yana wucewa. Mujallar Nature ce ta buga sakamakon, kuma har yau da wuya a ba da tarihin wannan fanni ba a ambaci bututan Sempere ba, alhali shi ado kawai ya sa a gaba.

Ba ƙarfen ne ya tare sautin ba. Da za a tattara bututan nan a watsa su barkatai a kan faifan, adadinsu bai ragu ba, nauyinsu bai ragu ba, wannan faɗuwar ta haz 1,670 ɓacewa za ta yi. Jerin ne ya yi aikin, wato tazarar santimita 10 da ke ta maimaita kanta. Duk abin da za a faɗa a kan kiristal ɗin fonon, wato abin da aka jera cikin tsari mai maimaituwa don ya sarrafa sauti da girgiza, daga nan ya taso: siffar abu da yadda aka jera shi suna iya yi wa sauti hukuncin da sinadarin abin shi kaɗai ba zai iya ba.

Sauti ba wani abu ne da ke tashi daga bakin mai magana ya yi tafiya zuwa kunnen mai sauraro ba. Iskar da ke gaban bakin ce ake matsewa, ita ma ta matse ta gabanta ta saki, haka har kunne. Kowace ƙwayar iska tana nan inda take, 'yar rawa kawai take yi gaba da baya, matsin ne ke tafiya. Yawan wannan rawa a cikin sakan ɗaya shi ake ƙirgawa da haz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga wajen haz 20 zuwa haz 20,000. Nisan da ke tsakanin matsi ɗaya da mai bi masa shi ne tsawon zango, zangon nan dai da masu sauraron rediyo suka sani a gajeren zango da matsakaicin zango, sai dai na rediyo ba sauti ba ne. A cikin iska mai matsakaicin ɗumi sauti na cin mita 343 a sakan. Ka raba wannan da yawan haz, ka sami tsawon zango. Sauti mai kauri na haz 100 zangonsa ya kai mita 3.4. Siririn sauti na haz 10,000 kuwa santimita 3.4 ne kacal.

Sai abu na biyu. Duk inda sauti ya bar wani abu zai shiga wani, wani kaso nasa yakan juyo baya. Yawan abin da zai juyo ya danganta da bambancin turjiyar abubuwan biyu, ita kuwa turjiya ana samun ta ne idan aka ninka nauyin abu gwargwadon girmansa da saurin sauti a cikinsa. Tsakanin iska da ruwa bambancin ya yi yawan da kashi ɗaya cikin dubu na ƙarfin sautin ne kawai ke shiga ruwan, shi ya sa wanda ya nutse ba ya jin ihun na bakin gaɓa sosai. Tsakanin iska da ƙarfe abin ya fi haka nisa. Ke nan kowane bututu a wancan faifai ƙaramin madubi ne ga sauti.

To ka ɗauki layin bututai na farko. Sauti ya iso, ɗan kaɗan ya juyo, saura ya wuce. Ya isa layi na biyu, ɗan kaɗan ya sake juyowa. Wanda ya juyo daga layi na biyu ya yi ƙarin tafiyar santimita 20 a kan na farko, 10 zuwa 10 dawowa. Idan wannan santimita 20 ta yi daidai da zango ɗaya cif, to matsinsa zai faɗo daidai kan matsin na farko, su haɗa ƙarfi. Na layi na uku ma haka, na huɗu ma haka. Kowane layi ɗan abin da yake mayarwa bai taka kara ya karya ba, amma da yake bakinsu ya zo ɗaya, sai a wayi gari abin da ya koma baya ya rinjayi abin da ya wuce. Idan kuwa zangon bai yi daidai da tazarar ba, wannan ya zo da matsi wancan ya zo da saki, sai su kashe juna, sautin ya yi gaba abinsa. Lissafin ba shi da wuya: zangon santimita 20 a iska ya kama haz 1,715. Abin da aka auna a Madrid 1,670 ne. Ɗan bambancin ba abin mamaki ba ne, domin kasancewar bututan tana ɗan rage wa sauti sauri a tsakaninsu.

Wannan dokar ta girmi binciken sauti na zamani. William Henry Bragg da ɗansa Lawrence ne suka fayyace ta a 1913, suna nazarin yadda hasken eksire ke juyowa daga layukan atom a cikin kiristal irin na gishiri, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1915. A bakin masana kimiyya kiristal ba yana nufin dutse mai ƙyalli ba, yana nufin duk abin da ƙwayoyinsa ke jere cikin tsari mai maimaituwa. Felix Bloch ya nuna a ƙarshen shekarun 1920 cewa irin wannan jeri ne ke sa lantarki ya iya ratsa wani abu ya kasa ratsa wani: akwai matakan ƙarfi da aka yarje wa elektron, akwai giɓi a tsakani inda ba shi da wurin zama. A kan wannan giɓi aka gina transista da duk abin da ya biyo bayanta. A 1987 Eli Yablonovitch da Sajeev John, kowa a nasa ɓangaren, suka ce ai ana iya ƙera wa haske irin wannan giɓi. Bayan shekara biyar Sigalas da Economou, masana 'yan ƙasar Girka, suka yi lissafin haka ga sauti da girgiza, sannan a 1993 Kushwaha da Halevi daga Puebla ta Meziko tare da Dobrzynski da Djafari-Rouhani daga Lille ta Faransa suka fitar da nasu. Sunan fonon kuwa daga kalmar Girkanci ta murya ya fito, kuma shi ne sunan da masana suka ba mafi ƙanƙantar ƙunshi na girgiza a cikin daskararren abu, kamar yadda foton yake ga haske.

Gaskiya ɗaya da ba a cika faɗa ba game da aikin Sempere: giɓinsa ba cikakke ba ne. Yana tare sautin ne idan ya zo ta wata fuska. Ka zagaya ka harbo shi ta kusurwa, tazarar da yake gani ta canja, haz ɗin da ake tarewa ma ya canja. Kafin a sami giɓin da zai tare sauti ta kowace fuska sai an cusa sandunan fiye da haka sosai, yadda giɓin wannan fuska da na waccan za su faɗaɗa har su hau kan juna. Yawancin lissafin da aka yi ta yi a shekarun 1990 a kan haka ya ƙare: wane irin jeri, murabba'i ko mai kusurwa shida, wane kauri, waɗanne abubuwa biyu za a haɗa.

Idan an sami cikakken giɓi, sai wasa ya buɗe. Ka zare sanda ɗaya daga tsakiya, ka yi wa sautin kurkuku: yana iya zama a gurbin, amma ba shi da hanyar fita, domin ko'ina ya juya haramtaccen wuri ne. Ka zare layi guda, ka yi masa lungu, zai bi lungun ko da ya yi kwana. Aibin da aka saka da gangan shi ne ke zama kayan aiki.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙarar da ta fi damun mutane mai kauri ce: rurin injin, gurnanin manyan motoci, dukan kiɗan da ke ratso bango ka ji shi a ƙirjinka. Siririn sauti ko labule mai kauri yana rage shi. Don a tare haz 100 ta hanyar Bragg sai tazarar ta kai mita 1.7, kuma layi ɗaya ko biyu ba sa isa. Ka jera biyar, shingenka ya doshi kaurin mita 8. Wa zai gina wannan a ɗakin kwanansa? Tsohuwar hanya kuma, wato bango mai nauyi, tana da nata haraji. Injiniyoyi na kiran ta dokar nauyi: duk lokacin da ka ninka nauyin bango sau biyu, desibel 6 kawai ka ƙara tarewa (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma duk lokacin da sautin ya ninka kauri ka yi asarar desibel 6. Sauti mai kauri dai ko ta ina ka ɓullo masa sai ya ci maka fili ko ya ci maka siminti.

A shekarar 2000 ƙungiyar Ping Sheng a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong ta zo da wata dabara dabam. Suka ɗauki ƙwallayen dalma masu kaurin santimita 1, suka lulluɓe kowanne da roba mai taushi mai kaurin milimita 2.5, suka jera su takwas-takwas ta kowace fuska, suka daskarar da su cikin gam mai tauri. Tazarar da ke tsakaninsu santimita ɗaya da rabi da 'yan kai. A lissafin Bragg irin wannan tazara ba ta da abin cewa sai a sautin da ya fi ƙarfin kunne. Sai ga shi ta tare sauti a wajen haz 400, inda zangon ya ninka tazarar sau ɗari ko fiye. A rahotonsu na mujallar Science sun nuna cewa falle mai kaurin santimita 2 na wannan haɗi ya zarce abin da dokar nauyi ta yarda da shi nesa ba kusa ba, a daidai wannan haz ɗin.

Sirrin yana cikin robar. Dalma mai nauyi a cikin roba mai taushi daidai take da yaro a kan lilo: tana da nata saurin kaɗawa da take so. Wanda ya taɓa tura lilo ya san abin a hannunsa. Idan kana turawa a hankali, lilon na bin hannunka. Idan ka dace da saurinsa, ɗan turi kaɗan sai ya yi sama. Idan kuwa ka fi shi sauri kaɗan, sai ku saɓa, kana turawa gaba yana dawowa ya bugi hannunka. Bari mu kira irin waɗannan ƙwallaye 'yan amshi, tunda akwai muryar da idan aka ba su sai sun amsa. Sauti ya zo yana tura gam ɗin gaba, ɗaruruwan 'yan amshi a ciki suna ja da baya a lokaci guda, kuma da yake suna kusa da saurin da suke so, jan nasu ya fi turin ƙarfi. Bangon sai ya ƙi motsi, ko ma ya motsa ta inda ba a tura shi ba. Bangon da bai motsa ba kuwa ba shi da abin da zai miƙa wa iskar da ke bayansa.

Wannan ne ake rubutawa a kanun labarai da sunan abu mai nauyi ƙasa da sifili. Kada kalmar ta ruɗe ka. Ka ɗora shi a kan sikeli, nauyinsa na nan daram, dalma ce fa. Abin da ake nufi shi ne, a wani ɗan tsakanin haz, idan ka kalle shi daga waje ba ka san da 'yan amshin cikinsa ba, za ka ga ka tura shi gabas ya yi yamma, kuma hanya mafi sauƙi ta rubuta hakan a lissafi ita ce a sa wa nauyin alamar ragi. A 2006 Nicholas Fang da abokan aikinsa a Berkeley suka yi makamancin haka ta ɗaya ɓangaren, da jerin ƙananan kogunan da ke amsawa kamar yadda kwalba ke yin kuka idan ka hura bakinta. Nasu abin, ka matse shi ya kumbura maimakon ya tsuke. Irin waɗannan ƙirarrun abubuwa, da ƙwayoyin cikinsu suka fi zangon ƙanƙanta sosai, su ake kira metamatiriyal. A nan jeri bai zama dole ba. Ƙungiyar Hong Kong ta nuna ko an hargitsa ƙwallayen aikin na nan, domin kowane ɗan amshi da kansa yake aiki. Wannan shi ne ainihin bambancinsu da kiristal irin na Bragg, ko da yake a rubuce-rubuce ana yawan cakuɗa sunayen biyu.

Sai dai kowace dabara da kuɗinta. Ɗan amshi murya ɗaya ya iya. Ka ɗan gusa sama ko ƙasa da haz ɗinsa, ya yi shiru, bangon ya koma bango kawai, a wani wurin ma ya fi bangon banza barin sauti ya wuce. Ƙarar titi kuwa ba murya ɗaya ba ce, tarkace ce daga ƙasa har sama. Sai a ce to a zuba 'yan amshi iri-iri, kowa da muryarsa. Ana yin haka, kuma yana aiki, amma kowane sabon ɗan amshi wuri yake ci. Akwai ma iyakar da lissafi ya gindaya wa duk abin da ke shanye sauti ba tare da an ba shi wutar lantarki ba: faɗin muryoyin da zai shanye da yawan abin da zai shanye suna ɗaure da kaurinsa. Tushen iyakar shi ne cewa abu ba ya amsa kira kafin a kira shi. Ba rashin wayo ba ne, ba kuma abin da sabuwar na'urar ƙira za ta warware ba. Aikin mai ƙira shi ne ya san inda ƙarar da ke damunsa ta taru, ya kashe ɗan kaurin da yake da shi a can.

Shi ya sa, a ganina, nasarorin da suka fi gamsarwa a sautin da kunne ke ji su ne na wuraren da ƙarar ke da murya ɗaya kuma dole iska ta wuce. A 2019 ƙungiyar Xin Zhang a Jami'ar Boston ta buga wani zobe na roba da na'urar ɗab'i mai fitar da siffa, tsakiyarsa a buɗe, gefensa kuma da hanyoyi masu murɗewa kamar katantanwa. Suka sa shi a bakin bututu, lasifika na ɗaya bakin. Sautin da ya bi murɗaɗɗiyar hanya yakan fito a makare, ya tarar da wanda ya bi tsakiya, su kashe juna. Kashi 94 cikin 100 na ƙarfin sautin ya koma inda ya fito, iska kuwa na wucewa. Ga fanka ko bututun iskar da ke kuka da murya ɗaya, wannan abu ne mai amfani. Kashi 94 dai a ma'aunin kunne desibel 12 ne da 'yan kai, ragi ne da za ka ji sarai, amma ba shirun kabari ba ne.

Batun mayafin ɓuya, wato rufin da ke ɓoye abu daga sauti, wanda ya fi kowanne samun talla, ba zan daɗe a kansa ba. A 2014 ƙungiyar Steven Cummer a Jami'ar Duke ta jera faranta na roba masu huji cikin siffar dala, ta kifa a kan wani ƙaramin abu, sautin da aka harbo ya dawo tamkar daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Gwaji ne mai kyau. Daga nan zuwa ɓoye jirgin ruwan yaƙi kuwa akwai tafiya.

Haka batun girgizar ƙasa. A 2012, kusa da Grenoble a Faransa, Stéphane Brûlé da Sébastien Guenneau da abokan aikinsu suka haƙa ramuka layi uku, goma a kowane layi, zurfin kowanne mita 5, tazararsu mita 1.73. Suka kafa injin da ke girgiza ƙasa sau 50 a sakan a gefe guda. A bayan ramukan girgizar ta ragu ƙwarai. Bututan Sempere ne aka juya, ramukan iska a cikin ƙasa maimakon sandunan ƙarfe a cikin iska. Amma girgizar da ke rusa gine-gine tana tsakanin haz 1 zuwa 10 ne, zangonta daga gomomin mita zuwa ɗaruruwa, kuma ba ta fuska ɗaya take zuwa ba, har ta ƙasa tana ɓullowa. Ga kuma tambayar da ba ta lissafi ba ce: girgizar da ka mayar baya, gidan wa za ta faɗa? An kuma lura cewa bishiyoyin kurmi na iya zama 'yan amshi ga girgizar da ke bin doron ƙasa, kowane gangar jiki na kaɗawa yana karɓe wani kaso, har an baza ɗaruruwan na'urorin awo a dajin Landes don a tabbatar.

Halitta ma ta riga mu. Jemage na farauta ne da siririn sautin da ya fi ƙarfin kunnenmu, yana saki yana sauraron abin da ya dawo. Wasu nau'o'in malam-buɗe-littafi na dare ba su da kunnen jin zuwansa, sai aka ba su wata kariya. Masu bincike a Jami'ar Bristol sun nuna a 2020 cewa ƙananan ɓawon da ke kan fukafukansu, wannan garin da ke manne wa yatsa idan ka kama su, 'yan amshi ne masu girma dabam-dabam, kowanne da muryarsa. A haɗe suna shanye har kashi 72 cikin 100 na ƙarfin sautin a inda suka fi ƙwarewa, alhali kaurin shimfiɗar tasu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na zango mafi tsawo da suke shanyewa ba.

Inda fannin ya riga ya shiga aljihun mutane ba tare da an yi shela ba shi ne a ƙananan abubuwa. Wayar hannu na ɗauke da gomomin matatai da ke ware zangon da take so daga na maƙwabta, kuma yawancinsu da sauti suke aiki. Dalilin shi ne sauti a cikin daskararren abu ya fi igiyar rediyo jinkirin tafiya kusan sau dubu ɗari, don haka a haz iri ɗaya zangonsa ya fi gajarta da wannan ninkin, matatar da za ta ci santimitoci sai ta koma 'yar mitsitsiya. Ana mayar da saƙon lantarki girgiza a cikin wani siririn falle, a tace, a sake mayar da shi lantarki. Don kada girgizar ta zurare cikin silikon ɗin da ke ƙasa, a wani nau'in waɗannan matatai ana shimfiɗa falle-falle na tangstin mai tsananin turjiya da gilashin silika mai ƙarancinta, ɗaya bisa ɗaya, kowanne kaurinsa rubu'in zango. Madubin Bragg ke nan, kiristal ɗin fonon mai fuska ɗaya, kuma ana ƙera shi da ɗimbin yawa a masana'antu.

Can ƙasa da haka akwai aikin ƙungiyar Oskar Painter a Caltech. Suna sassaƙa siririyar sandar silikon mai jerin huji, wadda ke tsare haske da girgiza a wuri ɗaya, su kewaye ta da wani raga mai cikakken giɓi don kada girgizar ta sami mafita. A 2020 suka ba da rahoton cewa, a sanyin da ya kusa sifilin ƙarshe, wato sanyin da babu na ƙasa da shi, girgiza mai kaɗawa sau biliyan 5 a sakan ta zauna a kurkukun har sakan ɗaya da rabi. Sakan ɗaya da rabi ba ya cika kunne sai an yi lissafi: kaɗawa biliyan 7.5 ke nan. Ƙararrawar da ke kuka a haz 500, kafin ta yi wannan adadin sai ta shafe kusan wata shida tana amo daga bugu ɗaya. Masu neman ƙera kwamfutar kwantam na kallon irin wannan a matsayin rumbun ajiye bayani.

Akwai kuma reshen da ya aro tunani daga lissafin tofoloji, wato nazarin siffofin da ba sa canjawa ko an lanƙwasa abu, wanda ya kai ga kyautar Nobel ta 2016 a fizik. A 2015 Süsstrunk da Huber a Zurich suka rataye ƙarafa masu lilo guda 270, suka haɗa su da sifirin cikin wani tsari, sai girgiza ta ƙi shiga tsakiya ta riƙa bin gefe kawai, kuma ko an cire wasu an yi mata kwana sai ta zagaye ta ci gaba ba ta juyo ba.

Muhawarar da ta fi jan hankalina ita ce ta zafi. A cikin abu irin silikon, zafi ba komai ba ne illa girgizar atom, wato fonon ne, masu kaɗawa sau tiriliyoyi a sakan. Tunda haka ne, me zai hana a huda silikon a jere a tare zafi kamar yadda aka tare sauti? Amfanin a fili yake: na'urorin da ke mayar da zafi lantarki suna son abin da lantarki ke ratsawa amma zafi ba ya ratsawa. Daga wajen 2010 aka yi ta huda siraran fallayen silikon, kuma lallai zafin ya ragu sosai wajen ratsawa. Wasu suka ce ga giɓi ya yi aiki. Wasu suka ce a'a, ku dakata. A ɗumin ɗaki, zangon fonon da ke ɗaukar mafi yawan zafi nanomita ɗaya ne zuwa 'yan kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ramukan da ake iya hudawa kuwa tazararsu gomomi ne ko ɗaruruwan nanomita, bakinsu kuma da kaushi. Igiyar da ta bugi bango mai kaushi ta watse, ta manta matakin da take kai, ba sauran zancen haɗa baki da 'yar'uwarta. A wannan hali fonon ɗin tamkar tsakuwa ce da ke karo da ramuka, kuma ko ba jeri za ta yi karon.

Hanyar raba gardamar ita ce dai wadda muka fara da ita a Madrid: ka bar adadin ramukan yadda yake, ka hargitsa jerin, ka ga ko wani abu ya canja. Ƙungiyar Masahiro Nomura a Jami'ar Tokyo ta yi haka a 2017. A sanyin digiri 4 a ma'aunin Kelvin, wanda ke fara ƙirga daga sifilin ƙarshe, inda zangon fonon ke miƙewa ya yi tsawo, fallen da ramukansa ke jere ya fi na hargitse tare zafi. Kafin su, ƙungiyar Ilari Maasilta a Jyväskylä ta ƙasar Finlan ta ga tasirin jeri a ƙasa da digiri 1. Amma da mutanen Tokyo suka riƙa ɗaga ɗumin, tazarar da ke tsakanin fallayen biyu ta riƙa tsukewa, kafin a yi nisa da digiri 10 ta ɓace. Daga nan har ɗumin ɗaki, wato wajen digiri 300 a wannan ma'auni na Kelvin, na jere da na hargitse duk ɗaya suke tare zafi.